Babban Yatsa a Wuyan Jita: Yadda Za Ka Kama Bes da Hannun Hagu

Jitar katako idan ita kaɗai ce a wuri, samanta akwai zaƙi, ƙasanta kuwa babu nauyi. Can baya a Khartum da Omdurman wannan bai dami kowa ba, domin duk inda aka kafa kiɗa akwai mai bes, wato mai riƙe sauti mai kauri na ƙasa, akwai mai ogan, ga wuta ga sifika. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 abokan kiɗa suka warwatsu, wani yana Gadarif, wani Kasala, wani Bur Sudan, wani ya koma wajen dangi a Mai Wurno. Abin da ya rage a hannun da yawa daga cikin samarinmu shi ne jita guda wadda ba ta neman lantarki. Ita za ta yi waƙa, ita za ta yi rakiya, ita kuma za ta riƙe ƙasa. Yatsu huɗu ba sa isar wannan aiki. Na biyar ɗin yana can bayan wuyan jita, ba abin da yake yi sai tokare itace, kuma shi nake so mu fito da shi.

Dabarar ita ce babban yatsan hannun da ke danna tsarkiya ya leƙo ta saman wuya ya kama tsarkiya mafi kauri, sauran huɗun su sami sukunin yin wani abu. Ba yau aka fara ba. Merle Travis, mutumin Kentucky a Amurka, da haka yake riƙe bes yana fitar da waƙa a sama. Jimi Hendrix, wanda ya rasu a 1970, shi ya sa duniya ta san wannan riƙo a jitar lantarki. Richie Havens, wanda ya buɗe taron kiɗan Woodstock a 1969, tsarkiyoyi da dama yake dannewa da babban yatsa a lokaci guda.

Na san akwai malamai da ke hana almajiransu wannan, musamman waɗanda suka taso a kan udu ko jitar kilasik mai tsarkiyar nailan. Suna da hujjarsu, kuma za mu zo kanta. Amma a jitar tsarkiyar ƙarfe, wanda ya ƙi koyon wannan riƙo ya bar rabin abin da kayan kiɗansa ke iyawa.

Kafin mu shiga, mu daidaita baki. Tsarkiya ta shida ita ce mai kauri, wadda ke kusa da haɓarka. Ta ɗaya ita ce siririya ta ƙasa. Filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a kan wuya shi nake kira gida. A nan Sudan da Do, Re, Mi muka saba, a intanet kuwa haruffa za ka tarar: C shi ne Do, D Re, E Mi, F Fa, G Sol, A La, B Si. Alamar # na nufin sautin ya haura da rabi, ƙaramin m kuma, kamar a Am, kod ne mai baƙin ciki. Idan na rubuta lambobi shida a jere, ka karanta daga tsarkiya ta shida zuwa ta ɗaya. Sifili na nufin a bar ta a sake, x kuma a kashe muryarta. Bahago ya juya duk inda na ce hagu. Sai abu ɗaya da ya zama dole ka haddace, wato sautukan tsarkiya ta shida: a sake E ce, gida na 1 F, na 2 F#, na 3 G, na 5 A, na 7 B, na 8 C. Nan ne gonar babban yatsa, ba shi da wata.

Fara da duba jitarka

Yawancin waɗanda suka ce min hannunsu ya yi ƙanƙanta, da na karɓi jitarsu sai in ga laifin ba na hannu ba ne. Ɗauki rula ka auna faɗin wuya daidai wurin farin ƙashin nan da tsarkiyoyi ke hawa kafin su isa makunnai. Jitar tsarkiyar ƙarfe takan zo da milimita 43, wasu 44 da rabi. Ta kilasik kuwa 52 ce, fuskarta kuma a shimfiɗe take, babu tudu. Wannan tazara ta kusan santimita guda ita ce dalilin malaman kilasik, kuma gaskiyarsu ce. Idan irinta ce a hannunka, in dai ba doguwar hannu Allah ya ba ka ba, ka tsaya a mataki na farko da zan kawo, na kashe murya, kada ka matsa wa kanka.

Sai ka shafa bayan wuyan. Wani a kewaye yake sumul, wani yana da ɗan tudu a tsakiya da kafaɗu masu gangara, wani kuma kauri ne da shi har gefe. Mai gangaren kafaɗa da siririn mai kewaye su suka fi ba babban yatsa hanya. Mai kaurin gefe yakan cinye tsawon yatsan kafin ya kai ga tsarkiya.

Abu na uku shi ne tsayin tsarkiya daga ƙarfe. A gida na 12, tsakanin ƙasan tsarkiya ta shida da saman ƙarfe, milimita biyu zuwa biyu da rabi ya wadatar. Idan ka ga huɗu ko biyar, to manuni ma da kyar yake dannawa, balle babban yatsa da zai zo ta gefe. Gyaran yana iya kasancewa a jaki, inda tsarkiyoyi ke hawa a kan cikin jita, ko a farin ƙashin sama, ko a sandar ƙarfen da ke cikin wuya. Wannan sanda ba abin wasa ba ce. Idan ba ka taɓa juya ta ba, kai wa mai gyaran kayan kiɗa. Masu haɗa udu ma sun san itace da tsarkiya. Kafin ka samu mai gyara, sassauta duk tsarkiyoyi shida da rabin sauti ko cikakken sauti, za ka ji sun yi laushi. In kuma Allah ya sa ka sami sabon saiti, nemi siririn saitin tsarkiya mai lamba 11 ko 10 maimakon 12 ko 13.

Na huɗu shi ne wanda littattafan waje ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ke cizonmu. Itacen jita yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Ranin Gadarif da Kasala da Madani ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Idan itace ya bushe yakan tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakin ƙarafunan ya fito ta gefen wuya. Mai riƙon kilasik ba zai ma lura ba. Kai da naman yatsanka zai kwanta daidai wannan gefe, kuma ya riƙa zamewa sama da ƙasa, yanka za ka sha. Bi gefen wuya na sama da yatsa a hankali. Idan ka ji ƙaiƙayi ko kaifi, manna salatif a kan itacen kowane gefe na ƙarfen, ka goge bakin da ƙaramin zarto mai laushi, kana turawa ƙasa, sau uku ko huɗu a kowane ƙarfe, kana taɓawa. Bayan haka ka sami gidan sabulu na roba ka huda murfinsa, ka sa soso da aka jiƙa aka matse sarai, ka ajiye cikin jakar jita. Kada ruwa ya taɓa itace. Mutanen Bur Sudan nasu ciwon daban ne: danshin teku da gishiri ke sa tsarkiya tsatsa, kuma gumin babban yatsa a kan ta shida yake zuba. Tsumma busasshe bayan kowane kiɗa zai ƙara mata kwana, ga shi yanzu tsarkiya ba a banza ake samunta ba.

Zama da riƙo

Kada ka koyi wannan a kan angarib. Igiyarsa takan lotsa, ƙugunka ya nutse, gwiwoyi su tashi, jita ta kwanta tana kallon sama, wuyan hannunka ya karye don ya cim mata. Nemi kujera mai tauri ko benci. Ɗora ƙugun jita a cinyar dama, fuskarta na kallon gaba, wuyanta ya ɗan ɗaga kaɗan sama da kwance. Idan jallabiya ce a jikinka, naɗe hannun hagu zuwa gwiwa, domin za ka buƙaci ganin wuyan hannunka.

Saki hannun hagu ya rataya a gefenka. Dubi yadda yatsu suka ɗan lanƙwashe da kansu, babban yatsa yana fuskantar manuni. Haka za ka ɗago shi, ba tare da ka canza komai ba, ka sa wuyan jita ya kwanta a kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, wajen gida na 3 zuwa na 5. Wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya ya san wannan riƙo, yadda hannu ke rungumar sanda. Gindin manuni yana taɓa gefen wuya na ƙasa, tafin hannu ya matso kusa da itace, yatsu kuma ba a miƙe suke fuskantar tsarkiya ba, sun ɗan karkata zuwa cikin jita.

Abubuwa biyu za ka sa wa ido. Wuyan hannu ya zama a miƙe, layi ɗaya daga gwiwar hannu zuwa bayan tafi. Gwiwar hannu kuma ta sauko kusa da haƙarƙari. Gwada ka gani: buɗe gwiwar hannu waje, babban yatsa zai ja baya, matso da ita jikinka, zai leƙo da kansa. Mutane da yawa suna ta miƙa yatsa da ƙarfi alhali gwiwar hannu ce ta hana shi isa.

Wane ɓangaren yatsa ke dannawa? Ba kan yatsa ba, ba kuma tsakiyar naman da ake dangwala wa takarda ba. Lanƙwasa gaɓar ƙarshe, ka taɓa gefen da ke kallon manuni, daidai gaɓar ko ɗan sama da ita. Akwai ƙashi kusa da fata a wurin. Shi zai sauka a kan tsarkiya. Kana rataya yatsan ne a gefen wuya, nauyin hannu ya ja shi ƙasa. Idan ka ji kana matse wuyan jita tsakanin tafi da yatsa har jijiyoyi sun tashi, saki ka sake.

Mataki na farko: kashe murya

Kama kod ɗin D da ka sani, x-x-0-2-3-2, kod kuwa shi ne sautuka da ake kaɗawa tare. Kowa ya san yadda E ta tsarkiya ta shida ke ɓata shi idan risha, wato ɗan abin kaɗa tsarkiya, ta kuskure ta taɓa ta. Leƙo da babban yatsa ya taɓa tsarkiya ta shida, taɓawa kawai, ban da dannawa. Kaɗa duka shida. Ta shida za ta ce "tuf" ta yi shiru, sauran su yi waƙa. Yi haka da C, yi da Am. Hannun dama ya samu 'yanci ke nan, yana iya kaɗawa da faɗi ba tare da tsoro ba. Ka zauna a nan kwana biyu ko uku har hannu ya daina ɗaukar wurin a matsayin baƙo.

Mataki na biyu: sauti ɗaya mai tsabta

Ɗage sauran yatsu gaba ɗaya. Sa babban yatsa a gida na 5, dab da ƙarfen da ke gaba, ta wajen cikin jita. Kaɗa. Idan tsarkiya ta yi gurnani, yawanci yatsan ya yi nisa da ƙarfe, matso da shi. Idan sautin ya mutu, ka hau kan ƙarfen, ja baya kaɗan. Akwai kuskure na uku da kunne kawai ke kamawa: babban yatsa yakan ture tsarkiya ƙasa wajen ta biyar, sautin ya ɗan haura. Kaɗa ta biyar a sake, ita ma A ce, ka gwada su. In ba su zama ɗaya ba, kana turawa ne maimakon dannawa.

Da ka sami sauti mai kyau, rage ƙarfi a hankali har gurnani ya dawo, sannan ka ƙara kaɗan. Wannan ɗan ƙarfin shi ne duk abin da ake bukata, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsa. Sai ka yi tafiya: 5, 3, 2, 1, ka dawo. Hannu duka ke tafiya, ba yatsa kaɗai ba. Gida na 1 ya fi kowanne tauri saboda kusancinsa da farin ƙashi, don haka kada ka yanke wa kanka hukunci da shi.

Mataki na uku: D mai F# a ƙasa

Wannan shi ne kod ɗin da ke sa mutum ya yarda da dabarar. Kama D kamar kullum: manuni a tsarkiya ta uku gida na 2, na zobe a ta biyu gida na 3, na tsakiya a ta ɗaya gida na 2. Yanzu babban yatsa ya danna ta shida a gida na 2. Ya zama 2-0-0-2-3-2. Ta biyar a sake A ce, tana cikin kod ɗin, don haka ko ta yi ƙara babu laifi. In ka fi son ƙasa ya fita sarai, bar kan yatsan ya ɗan shafe ta ta yi shiru.

Matsalar da za ka fara gamuwa da ita tana tsarkiya ta ɗaya. Garin leƙowa sama, tafin hannu yakan taso ya shafe ta. Kaɗa tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya ka gano wadda ta mutu. Maganin shi ne ka ɗan juya hannu yadda gindin manuni kaɗai zai taɓa itace, gefen auta ya buɗe.

Sa shi tsakanin G da Em. G bugu huɗu, D mai F# bugu huɗu, Em bugu huɗu, kana fara kowanne da tsarkiya ta shida ita kaɗai kafin ka kaɗa sauran. Saurari ƙasa: G, F#, E. Bes yana saukowa tsani-tsani maimakon ya yi tsalle. Idan ka riƙe G da na zobe a tsarkiya ta biyu gida na 3, wato 3-2-0-0-3-3, wannan yatsa ba zai motsa ba sa'ad da ka koma D, shi zai zame maka turke.

Mataki na huɗu: siffar da ke yawo

A nan amfanin yake, don haka zan daɗe. Kowa ya sha wahalar F, inda manuni ke shimfiɗewa a kan tsarkiya shida. Da babban yatsa ana kama wannan kod ba tare da shimfiɗar ba, amma kada ka fara a F. Fara a G, gida na 3: babban yatsa a ta shida gida na 3, na zobe a ta huɗu gida na 5, na tsakiya a ta uku gida na 4, manuni ya kwanta a kan ta biyu da ta ɗaya a gida na 3. Wato 3-x-5-4-3-3. Ta biyar fa dole ta yi shiru. Hanya biyu ce: kan yatsan zobe ya ɗan zarce ya taɓa ta daga ƙasa, ko kan babban yatsa ya taɓa ta daga sama. Ni na fi dogara ga na zobe, domin ba ya sa babban yatsa ya ƙara miƙewa, amma wanda ya haɗa biyun ya fi samun kwanciyar hankali.

Ka jera yatsun da tsari. Ƙananan uku tukuna, ka tabbata suna fita, sannan babban yatsa ya sauko a ƙarshe. Idan saukowarsa ta ɓata na ƙasa, bar tsarkiya ta ɗaya gaba ɗaya, manuni ya danna ta biyu kaɗai ya kashe ta ɗaya da cikinsa. Tsarkiya huɗu masu tsabta sun fi shida masu gurnani, kuma cikin taro ba wanda zai ce wani abu ya ɓace.

Wannan siffa ko'ina ka kai ta tana aiki, sunanta kuma daga babban yatsa yake fitowa. A gida na 5 A ce, a na 1 F ce, 1-x-3-2-1-1. In F ta ƙi, ɗaga manuni daga ta ɗaya ka bar ta a sake, 1-x-3-2-1-0, sauti ne mai taushi da ke shiga wurin F a waƙoƙi da yawa da ke kan C ko Am. Don samun mai baƙin ciki, ɗage na tsakiya, manuni ya kwanta a kan uku: 3-x-5-3-3-3 shi ne Gm, 5-x-7-5-5-5 shi ne Am.

Yanzu dubi hannunka a kan G. Auta ba ya riƙe da komai. Wannan shi ne ribar duk wahalar da ka sha, kuma ga mu mutanen Sudan ribar ta fi ta kowa. Kiɗan ƙasar nan, tun daga tsofaffin waƙoƙin da ake kira hakiba zuwa abin da A'isha Falatiya, 'yar Hausawa haifaffiyar Kasala, ta rera a rediyon Omdurman, zuwa jitar Sharhabil Ahmad, a kan sauti biyar aka gina shi. Kunnen Bahaushe ma da irin wannan tsani ya saba tun daga gida. To sauti biyar na G su ne G, A, B, D, E. Uku suna ƙarƙashin yatsunka: G a ta huɗu da ta ɗaya, B a ta uku, D a ta biyu. Biyun da suka rage duka a gida na 5 suke, E a tsarkiya ta biyu, A a ta ɗaya, daidai inda auta yake shawagi. Ma'ana kana riƙe da bes, kana riƙe da kod, kuma tsanin gaba ɗaya yana hannunka ba ka gusa ko'ina ba.

Gwada wannan a hankali. Kaɗa bes. Kaɗa ta biyu, ka buga auta a gida na 5 da ƙarfinsa ba tare da ka sake kaɗawa ba, D ta koma E. Kaɗa ta ɗaya, G. Buga auta a 5, A, sannan ka fizge shi ƙasa ta koma G. Sake kaɗa bes. Duk wannan lokaci G ta bes tana ta amo, ba ta yanke ba. Da manuni a shimfiɗe ba za ka sami wannan sakewa ba, domin hannu duka a ɗaure yake. A siffar Gm kuwa auta gida na 6 yake zuwa a ta biyu da ta ɗaya, na zobe kuma yana iya tsallakowa ta uku a gida na 5. Ɗauki amshin wata waƙa da ka sani tun kana yaro, ka neme shi cikin waɗannan sautuka. Sau da yawa za ka same shi a wurin.

Mataki na biyar: bes ya yi tafiya

Kama Am, x-0-2-2-1-0, kada yatsun nan uku su motsa har a gama. Bugu huɗu bes yana ta biyar a sake. Sai G a ta shida gida na 3, da babban yatsa in ya isa, in bai isa ba auta ya ɗauka. Sai babban yatsa a gida na 2, F#. Sai ya zame gida na 1, F. Daga lokacin da bes ya koma ta shida, ka tsallake ta biyar. A, G, F#, F, sannan ka faɗa E. Sama a tsaye, ƙasa na tafiya. Mai sauraro daga bayan katanga zai ɗauka mutum biyu ne.

Hannun dama shi zai cika aikin. Ajiye risha. Babban yatsan dama ya riƙa kai-komo tsakanin ta shida da ta huɗu, bugu ɗaya nan bugu ɗaya can, a kan siffar G. Kada ka ƙara komai sai ya iya tafiya kana hira da wani. Sannan manuni da na tsakiya su shigo da waƙa a ta biyu da ta ɗaya, da farko tare da bes, daga baya a tsakanin bugu. Ɗora gefen tafin dama kaɗan a kan tsarkiyoyi masu kauri dab da jaki, bes zai gajarta ya yi dum-dum, ya bar wa waƙa fili. Idan kana da ƙane ko ƙanwa mai buga gangar daluka, ko mai tafi ma, zaunar da shi ya riƙe maka bugun tumtum a hankali. Shi zai nuna maka inda kake jinkiri wajen sauya kod, kuma kusan kullum wurin da babban yatsa zai sauka ne. Maganinsa ka bar shi a rataye saman wuya tun kafin lokacinsa ya zo, kada ya koma baya ya sake hawowa.

Wanda ke sassauta ta shida zuwa D ya tuna komai ya gusa da gida biyu: E ta koma gida na 2, G ta koma na 5. A wannan ɗauri Em ba ta da bes sai an danna gida na 2, aikin da babban yatsa ke yi cikin sauƙi.

Ciwo, da inda dabarar ba ta shiga

Fatar gefen yatsa za ta yi zafi kwanakin farko, daga baya ta yi kanta. Wannan ba komai. Ciwon da ba a wasa da shi shi ne na gindin babban yatsa da gefen wuyan hannu, mai suka ko mai zuwa da sanyin yatsu. Jijiyoyin da ke motsa babban yatsa ta nan suke wucewa, kuma suna kumbura idan aka matsa musu. Da ka ji shi, ajiye jita, ka huta kwana biyu. Idan ka dawo, duba wuyan hannu da gwiwar hannu da ƙarfin matsa, ɗaya daga cikinsu ne. In ya ƙi tafiya, je ka ga likita. Minti goma zuwa sha biyar a zama ɗaya ya isa a makonnin farko, kana sakin hannu kana girgiza shi tsakani. Yaro da hannunsa bai gama girma ba, a bar shi a kashe murya da D mai F#, sauran su jira shi.

Kada kuma ka yar da riƙon da ka zo da shi. Duk kod ɗin da ke neman yatsu su buɗe gida huɗu ko biyar, ko gudu a kan tsarkiyoyi masu kauri, ko shimfiɗa mai tushe a ta biyar irin Bm, babban yatsa ya koma tsakiyar bayan wuya. Haka nan daga gida na 8 zuwa sama wuya yana ƙara faɗi da kauri, ga dunduniyar da ke haɗa shi da jiki a gida na 14, wasu jitocin ma a na 12, sai riƙon ya daina daɗi. Don haka ka ware wa sauyawar kanta lokaci: bugu huɗu a Bm da yatsa a baya, bugu huɗu a G da yatsa a sama, kana lura da yadda gwiwar hannu ke ɗan buɗewa a na farko ta dawo jikinka a na biyu. Idan kana da kafo, wato mamatsin da ke danne tsarkiya shida a gida ɗaya, ɗaura shi a gida na 2 ka yi wannan atisaye a can tukuna, domin tsarkiya ta fi kwanciya kuma gidaje sun fi matsuwa, sannan ka cire shi ka maimaita a ƙasa.